Sahihi da Batili a Zancen Masu Gyaran Na'urar Sanyaya Ɗaki

Idan bazara ta kankama a Agadas, daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 40 kusan kullum, iska kuma tana kwaso rairayin hamada tana cusa shi a kowace kafa, babu mai sana'ar da ake nema ruwa a jallo kamar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, babu kuma wanda ake cin namansa a majalisu kamarsa. Haka lamarin yake a Arlit da Tawa, har da Sakkwato. Maganganun da ke yawo game da shi da na'urar, wasu sahihai ne, wasu batilai, wasu kuwa gaskiya ce da aka cuɗanya da ƙarya, kuma muddin mai gida bai rarrabe su ba, ba shi da mizanin da zai gane amintacce daga maha'inci.

Mafi shaharar batilan, wanda kuma ya fi kowanne cinye dukiyar jama'a, shi ne cewa gas ɗin na'ura yakan ƙare da aiki, don haka wajibi ne a ƙara shi kowace shekara. Wannan magana ba ta da asali. Gas ɗin a rufe yake cikin bututun tagulla, yana kewayawa daga kan na'urar da ke cikin ɗaki zuwa na waje, ya kwaso zafi can ya zubar nan, ya komo, kamar yadda jini ke kewaya jiki ba ya raguwa sai an sami rauni. Saboda haka duk na'urar da gas ɗinta ya ragu, lalle akwai inda yake yoyo, kuma galibi a mahaɗar bututu ne, wajen notin da ke gefen kan waje, inda mai lura zai ga danshin mai ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Mai gyara na ƙwarai, kafin ya taɓa tukunyar gas, sai ya kaɗa omo ya shafa kumfar a mahaɗar, ya tsuguna yana jiran inda za ta kumburo. In ya samu ya gyara bakin bututun ko ya yi walda, ya zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sa'an nan ya ɗora tukunya bisa sikeli ya zuba gwargwadon giram ɗin da aka rubuta a jikin na'urar. Wanda kuwa ya zo ya ɗura ya karɓi kuɗi ya tafi, ya san zai komo. Tambaya ɗaya ta wadatar a nan: "Malam, ta ina gas ɗin ya bi ya fita?" Amintacce zai nuna wurin da yatsa, ɗayan kuwa zai shiga kame-kame.

Daga wannan batilin wani ya tsiro, wai gas duk ɗaya ne. Alhali kuwa tsofaffin na'urori suna aiki da R-22, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka hukunta a daina shi saboda illarsa ga sararin samaniya, aka ɗibar wa ƙasashe irin namu wa'adin 2030. Sababbi kuwa R-410A ne ko R-32, masu matsin da ya zarce na farko nesa, ga shi man da kwamfuresansu ke sha dabam yake. Amma tsoron da ake yi na gas ɗin jabu, wannan tsoro ne mai hujja, domin a 2011 akwatunan sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, mutum uku suka rasa rayukansu, aka kuma gano cewa gas ɗin da aka ɗura musu gauraye yake da wani sinadari da ake kira R-40. Zancen ɗura wa na'ura gas ɗin girki shi ma shubuha ce ta shige shi: hakika akwai na'urorin da aka ƙera don R-290, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne amma tatacce, sai dai ɗura na girki a na'urar da ba a yi ta dominsa ba kiran gobara ne. Araha dai ba ta ado.

Sai hukuncin da ake yanke wa kwamfuresa, cewa da ya ƙi tashi ya mutu ke nan. Sau da yawa, idan aka ji yana gurnani kaɗan sa'an nan ya yi ƙas ya ɗauke, laifin na kafasito ne, ɗan gwangwanin nan da zafi ke kumbura masa kai, wanda kuɗinsa bai kai ushirin na kwamfuresa ba, kuma a gaban mai gida ake auna shi da mita. Abin da ya inganta dai shi ne raunin wuta da yawan ɗaukewarta suna ƙona kwamfuresa da gaske, don haka mai gyaran da ya ce a sa sitabilaiza, a kuma dakata minti uku kafin a sake kunnawa, nasiha ya yi.

Haka kuma, kai rimot zuwa digiri 16 ba ya gaggauta sanyi, illa ya hana na'urar hutawa. Raunin sanyi tsakanin azahar da la'asar kuma ba kullum ne alamar lalacewa ba, domin na'urar da aka rubuta wa T1 a zafin digiri 35 aka auna ƙarfinta, mai T3 kuwa a 46, wadda ita ce ta dace da hamada. In kuma ƙura ta toshe rariyar ciki da haƙarƙarin waje, magani wanki ne da inuwa.

Saura ƙazafin da ake yi wa masu sana'ar baki ɗaya, cewa duk wanda ya tafi da na'ura shago sai ya musanya kayan cikinta. Ana samun masu yin haka, amma game kowa da wannan tuhuma zalunci ne, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da warware mas'alar, domin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar a Risala cewa lamunin abin da mai sana'a ya keɓanta da shi yana wuyansa. Abin da ya rage ga mai gida shi ne ya rubuta lambar kwamfuresa kafin a fita da na'urar, a yanka ladan aiki dabam da kuɗin kaya tun kafin a kwance noti, a dawo masa da abin da aka cire, a kuma yi sharaɗin gyara kyauta in cutar ta komo cikin wa'adin da aka ambata. Wajen neman shaida kuwa, ya tambayi masu kantin magani da masu sayar da ƙanƙara, waɗanda abincinsu ya rataya ga sanyi, wane ne ya yi musu aiki bazarar bara, sau nawa kuma suka sake kiransa a kan matsala guda.