Ƙa'idojin IFRS da Lokacin da Kamfani Ke Amsa Asararsa

Ribar da kamfani ke shelantawa a ƙarshen shekara tana dogara ne, kafin komai, a kan wasu shawarwari da shugabanninsa suka yanke tun ba a fara tattara alƙaluma ba: ko za a rubuta ginin masana'anta da kuɗin da aka kashe wajen mallakarsa ko da darajarsa ta yau, da wane farashi za a ƙiyasta hajar da ta kwana a sito, kuma a wace rana ciniki ke zama kuɗin shiga. Waɗannan shawarwari su ne akantoci ke kira manufofin lissafi, kuma domin kada kowane kamfani ya auna kansa da mudun da ya ga dama, akan kafa ƙa'idoji na bai-ɗaya da ke iyakance zaɓin.

A Najeriya wata hukuma ta cikin gida da aka kafa a 1982 ce ta daɗe tana fitar da ƙa'idojin, har rikicin bankuna na 2009 ya tona rauninsu. A watan Agustan shekarar Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar tare da zuba musu naira biliyan 420, bayan bincike ya nuna cewa basussukan da aka bai wa masu sayen hannun jari da masu shigo da mai sun ruɓe, alhali rahotannin bankunan na nuna lafiya lau. A watan Yulin 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koma ga ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, waɗanda wata hukuma mai mazauni a Landan ke rubutawa. Dokar 2011 ta kafa Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka fara aiki da sabon tsarin a Janairun 2012, ƙanana da matsakaita kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa 2014.

Ƙa'idar da ta fi taɓa tushen matsalar ita ce IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018. A tsohon tsari banki ba ya rubuta asara a kan rance sai hujja ta bayyana cewa mai cin bashi ya gaza, wato sai bayan aikin gama ya gama. Sabuwar ƙa'ida ta wajabta masa ya ware tanadin asarar da ake hasashe tun daga ranar da ya ba da kuɗin: da farko ta watanni 12 masu zuwa, idan kuma haɗarin ya ƙaru sosai, wanda jinkirin biya na fiye da kwana 30 ke zama alamarsa, sai a ƙiyasta asarar tsawon wa'adin rancen gaba ɗaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke rarraba atamfa bashi ga 'yan koli ya san wannan hikima, domin tun yana rubuta sunaye a littafinsa yake cire wani kaso a ransa, saboda ya san ba duka za su dawo da kuɗi ba. Wannan gyara ne na gaskiya, kuma ya cancanci yabo. Sai dai hasashe aikin mutum ne: bankin da ya ɗauka farashin ɗanyen mai zai tashi kuma naira za ta tsaya zai ware tanadi kaɗan, maƙwabcinsa mai taka-tsantsan ya ware da yawa, dukansu kuma suna cikin doka. Ƙa'idar ta ɗauke damar ɓoye asara daga fuskar rahoto ta mayar da ita cikin zato da ƙiyasi, inda sai mai binciken kuɗi mai ilimi da ƙarfin hali ne zai iya bin sawunta.

Shekarar 2023 ta nuna yadda ƙa'ida ke fito da abin da a da yake kwance. IFRS 16, wadda ta zo a 2019, ta tilasta wa mai haya na dogon lokaci ya rubuta kuɗin hayar da zai biya nan gaba a matsayin bashi a kansa. Da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta faɗi, dole aka sake ƙiyasta duk bashin da ke ɗaure da dala, sai ga MTN Najeriya, wanda hayar turakun sadarwarsa ke da alaƙa da dala, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a shekarar da cinikinsa ya ƙaru. Bankuna masu kadarorin dala kuwa ribar canji suka kwasa a takarda, abin da ya sa Babban Banki ya hana su, a watan Satumba, raba wa masu hannun jari wannan riba, matakin da ya dace tun da kuɗin bai shigo hannu ba.

Akwai wani bambanci da mai hannun jari ke buƙatar sani. Ƙa'idar IAS 8 ta ce idan kamfani ya sauya manufa, dole ya sake lissafin shekarun baya da sabon ma'auni domin a iya kwatantawa, amma idan ƙiyasi kawai ya sauya, misali ya ce injin da aka ɗibar wa shekara 10 zai kai 15, sauyin yana aiki ne daga yanzu zuwa gaba, riba ta ƙaru ba tare da an sayar da ko buhu ɗaya ƙari ba. Bayanin irin wannan yana can a shafukan baya na rahoton shekara, cikin ƙananan haruffa, yayin da yawancin mahalarta babban taron shekara-shekara ke buɗe shafin rabon riba kaɗai su rufe. Daga 2027 ƙa'idar IFRS 18 za ta tilasta wa kamfanoni su bayyana, a cikin bayanan da ake bincika, yadda suka haɗa alƙaluman ribar da suka ƙirƙira wa kansu suke tallatawa, kuma nauyin tabbatar da hakan a Najeriya zai hau kan Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi da akantocin da ta yi wa rajista.