Kwikwiyo Ruwa-Biyu: Uwa Zai Ɗauko Ko Uba?

A shekarun 1980 wata makauniya a Hawayi ta nemi karen da zai riƙa yi mata jagora. Sai dai mijinta ba ya shiri da karnuka, da ya kusance su sai atishawa da ƙaiƙayi. Buƙatar ta isa hannun Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar horar da karnukan jagoran makafi ta Ostireliya. Conron ya yi lissafinsa: Labrador kare ne mai sanyin hali da saurin ɗaukar horo, amma yana zubar da gashi. Poodle kuwa gashinsa a nannaɗe yake, bai cika zuba ba. A 1989 sai ya haɗa su barbara, da fatan samun halin wannan da gashin wancan. Karyar ta haifi uku. Da aka gwada gashinsu da yawunsu, ɗaya ne kacal, mai suna Sultan, bai tayar wa mijin da ciwonsa ba. Daga nan sunan Labradoodle ya bazu a duniya.

Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciki ɗaya, amma biyu cikin ukun ba su biya buƙata ba. Dalilin yana cikin yadda ake rabon gado. Kowane kare yana da sandunan ƙwayoyin halitta 78, waɗanda ake kira kuromosom, 39 daga uwa, 39 daga uba. A ƙidaya rabo ya yi daidai, amma a ido ba haka ba ne, domin wasu ƙwayoyin suna rinjayar abokan zamansu, wasu kuma suna laɓewa sai a jikoki su fito. Saboda haka mai cewa kwikwiyon zai tsaya a tsakiyar iyayensa cak, zato kawai yake yi.

Gashi ne ya fi nuna wannan a fili. A 2009 masu bincike a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin halitta uku ne ke da alhakin yawancin nau'o'in gashin karnuka: ɗaya na tsawo, ɗaya na nannaɗewa, ɗaya kuma na gashin baki da gira. Na gashin bakin yana da rinjaye, shi ya sa haihuwar farko tsakanin Labrador da Poodle takan zo da fuska buzu-buzu. To, a haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu ɗan'uwansa, sai lissafi ya watse: kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito da fuska sumul irin ta Labrador, yana zubar da gashi kamar kakansa. Abin mamaki a nan shi ne haihuwar farko ta fi ta biyu sauƙin hasashe, muddin iyayen tsantsa ne. Kuma gashin da kwikwiyo ya zo da shi ba shi ne na girma ba, yakan sake shi kafin ya cika shekara.

Batun ƙaiƙayi kuwa, ba gashin ne mai laifi ba. Sinadarin da ke tayar da shi yana cikin yawu da ɓarɓashin fata, kuma kowane kare yana da shi. Wani bincike da aka yi a birnin Ditroyit a 2011 bai ga bambancin yawansa ba tsakanin gidajen da ke da karnukan da ake tallata cewa ba sa sa ƙaiƙayi da sauran gidaje.

Girman jiki ya fi bin ƙa'ida. Yawanci yakan faɗo tsakanin na uwa da na uba. Ƙananan karnuka kan gama girma cikin shekara guda, manya kuwa sai wata 18 zuwa shekara 2. Idan karyar ce ƙarama kuma uban ƙato ne, haihuwa na iya zuwa da gardama.

Akwai maganar da masu sayarwa ke yawan yi, wai ruwa-biyu ya fi ƙarfin jini. Da ƙamshin gaskiya a ciki. Wasu cututtukan gado ba sa tashi sai kwikwiyo ya karɓi ƙwayar daga ɓangarori biyu, don haka idan jinsi ɗaya ne ke ɗauke da ita, ɗan ya tsira. Amma ina amfanin haɗin idan duka biyun suna ɗauke da ita? Labrador da Poodle duk suna fama da gocewar ƙashin kwatangwalo, duk kuma suna da wani ciwon ido na gado da ke kai kare ga makanta a hankali. A 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta kwatanta Labradoodle da wasu ruwa-biyun, Cockapoo da Cavapoo, da jinsunan iyayensu a kan cututtuka 57, sai aka tarar a kusan kashi 87 cikin 100 na kwatancen babu wani bambanci. Shi kansa Conron ya fito a 2019 yana nadama, saboda yadda masu neman kuɗi suka shiga haɗa karnuka barkatai ba tare da duba lafiyar iyaye ba.

Hali shi ne abin da mai saye ya fi damuwa da shi, shi ne kuma mafi wuyar faɗa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma lallai son farauta ko kora dabbobi ko ɗauko abin da aka jefa suna bin jini. Sai dai wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka sama da 18,000, ya nuna jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin halayya tsakanin kare da kare. Tun kafin nan John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna haɗa Basenji na Afirka ta Tsakiya da Cocker Spaniel a jihar Maine, sun nuna a littafinsu na 1965 cewa tsakanin mako na 3 da na 12 ne kwikwiyo ke koyon sabo da mutane. Wanda ya wuce wannan lokaci a kulle, da wuya ya rabu da tsoro, kuma kare matsoraci shi ne mai saurin cizo. Don haka ake son kwikwiyo ya kai mako 8 tare da uwarsa kafin a raba su.

A biranen Nijeriya an fi haɗa karnuka ne domin gadi, musamman Alsatian da Boerboel da Caucasian, ko ɗayansu da karen gida. A ganina nan ne ya fi kamata mai saye ya dage sai ya ga uwar da uban da idonsa, domin kwikwiyon wata biyu ba ya nuna komai, kuma sunan da aka laƙaba masa ba shaida ba ne. A dubi tafiyarsu ko akwai ɗingishi, a ga yadda karyar ke karɓar baƙo. A kuma tuna da zafi: Caucasian karen duwatsu masu ƙanƙara ne, ɗansa da ya ɗauko gashinsa zai sha wuya a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, komai yawan jinin karen gida da ke jikinsa. Rigakafi kuwa ba ruwansa da jinsi. Allurar farko ta cutar amai da zawon jini ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma idan ya kai wata 3.