Igiyar Kare: Wace Iri Ce Ta Dace, Kuma Wane Tsawo?

A da, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni bayan gari ne. Gonaki sun fi gidaje yawa. Kare yana iya yini yana yawo bai gamu da mota ba. Yau abin ya sake. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 220,000 a ƙaramar hukumar Tarauni. Gida na jikin gida. Titin Zariya ba ya rabo da manyan motoci da adaidaita sahu. Yara kuma suna cika lunguna safe da yamma, a hanyar makaranta.

Mutane suna ajiye kare don gadin gida, ko tsaron dabbobi, ko farauta. To, a wuri mai cunkoso irin wannan, sakin kare haɗari ne. Yana iya cizon ɗan maƙwabci. Mota tana iya take shi. Yana iya yin faɗa da karen da ya haukace ya kwaso ciwo. Haka abin yake ga mutumin ƙauye da ya shigo gari da karensa. Maganin wannan duka igiya ce. Amma ba kowace igiya ba.

Yadda ake awon igiya

Ba sai an nemi tef na tela ba. Kamu ɗaya shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, wajen santimita 45. Gaba ɗaya kuwa shi ne mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga wannan yatsa zuwa wancan. Gaba ɗaya kamu 4 ne, wato kusan ƙafa 6, ko mita 1 da santimita 80.

Tsawon da ya dace

1. Cikin cunkoso: kamu 2. Wannan ita ce igiyar bakin titi, da kasuwa, da tasha irin ta Unguwa Uku. Kare zai tsaya dab da ƙafar mai shi. Ba zai kai bakinsa ga mai wucewa ba. Ita ce kuma ta kai kare asibitin dabbobi, inda zai haɗu da wasu karnuka.

2. Yawon yau da kullum: kamu 3 zuwa 4. Wannan tsawo ya ishi kare ya sunsuna ƙasa, ya yi fitsari a gefe. Mai shi kuma zai iya janyo shi nan da nan idan yaro ya taho da gudu.

3. Fili ko gona: gaba 3 zuwa 5. Da irin wannan ake koya wa ɗan kwikwiyo amsa kira. A kira sunansa, a ja igiyar a hankali, in ya zo a ba shi ɗan abinci. Kada a shiga lungu da doguwar igiya. Tana harɗe ƙafar mutane da ƙafar babur.

4. Turke a gida: kada ta gaza gaba 2. Dole kare ya iya kai wa ga inuwa da kwanon ruwa. Dole kuma ya sami inda zai yi kashi nesa da makwancinsa.

Irin igiyar

Igiyar rama da ta kaba. Suna da araha, kuma ana samun su a kowace kasuwa. Sun isa ɗan kwikwiyo. Amma babban kare yana tauna su ya tsinke cikin dare ɗaya. Ruwan damina kuma yana ruɓar da su. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Igiyar nailan, wadda wasu ke kira igiyar leda. Tana da ƙarfi, ba ta da nauyi, tana wankuwa, ruwa ba ya ɓata ta. Aibinta biyu ne. Idan kare ya fizga, siririyarta tana yanka tafin hannu. Kuma idan ta daɗe a rana takan bushe ta riƙa gutsirewa. A nemi mai kauri kamar ɗan yatsa, ko mai faɗi irin ta maratayin jaka.

Igiyar fata. Kano garin fata ne. Dukawa suna iya ɗinka ta daidai yadda aka faɗa musu. Tana da daɗin riƙo, ba ta cin hannu, tana kuma daɗewa. Sai dai ta fi tsada, kuma ba ta son ruwa. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa, a shafa mata ɗan mai don kada ta tsage. Kare yana son taunar fata, saboda haka ba a barin sa da ita a turke.

Sarƙa. Ita ce ta karen da ke cinye igiya. A zaɓi marar nauyi daidai ƙarfin karen. Sarƙa mai nauyi tana gajiyar da wuya. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ƙarfe kuwa yana ɗaukar zafi. Don haka turken sarƙa a inuwa ake kafa shi.

Waya da siririn zare. Waɗannan ba a ɗaure kare da su ko kaɗan. Suna shiga cikin naman wuya su yi gyambo, ƙuda ya bi.

Akwai kuma wata ta kanti mai naɗe kanta cikin ɗan akwatin roba. Ba ta dace da cunkoso ba. Kafin mai ita ya tsayar da ita, kare ya riga ya kai tsakiyar titi.

Ɗaurin wuya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurin zarge. Duk lokacin da kare ya ja, zarge yana ƙara shaƙe shi. Abin da ya dace shi ne a sa masa abin wuya mai faɗi, na fata ko na ƙyalle mai kauri, sannan a maƙala igiya a jikinsa. A gwada da yatsu biyu. Idan yatsu biyu sun shiga tsakanin wuya da abin wuyan, ya yi daidai. Idan ba su shiga ba, ya matse. Idan hannu duka ya shiga, kare zai zare kansa. Ɗan kwikwiyo yana girma da sauri, saboda haka a riƙa gwadawa kowane mako.

A sa maƙeri ya haɗa ɗan ƙarfe mai juyawa a bakin igiyar. Shi ke hana ta murɗewa ta gajarce.

Kada a kafa turke kusa da gajeriyar katanga ko bakin rijiya. Kare yana iya tsallakawa, igiya ta rataye shi. Kada kuma a bar shi a ɗaure dare da rana. Karen da ba ya motsa jiki yakan yi zafin rai, ya fi saurin cizo. A fita da shi da sassafe ko da yamma, lokacin da kwalta ta huce. Mai riƙon igiya ya zama babba. Yaro ba ya iya tsayar da babban kare. A zura hannu cikin madauki a riƙe, kada a nannaɗe igiya a yatsu.

Igiya da ciwon haukan kare

Babban dalilin duk wannan shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suka ɗauka. Wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya mutum ya tashi.

Amma akwai rigakafi. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a 1885. A Nijeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kare ita in ya kai wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Mai kare ya tuntuɓi asibitin dabbobi mafi kusa, ya kuma adana takardar allurar. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar tunatar da duniya kan wannan ciwo.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya sai an ga alama. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kusa da Gyaɗi-Gyaɗi. Karen kuma a tsare shi a sanar da likitan dabbobi, don a sa masa ido na kwana 10.

Kuɗin igiya mai kyau bai kai kuɗin allurar mutum ɗaya ba. Bai kuma kai zafin rigima da maƙwabci ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa mai karen da ke unguwarsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.