Bayani a Kan Allurar Naƙuda ta Dabbobi

Yau bayani muka kawo muku a kan wata haja da ake kasawa a teburan masu maganin dabbobi, a kara da cikin gari. Ita ce allurar naƙuda, wadda ake rubuta Oxytocin a jikin kwalinta. Masu karnukan gadi da na farauta da masu kyanwa suna nemanta, haka ma masu awaki da shanu. Kwalbar ƴar ƙarama ce, amma tana iya cinye wa mutum jari, ta haɗa da mutuncinsa.

Asalin ruwan nan jikin dabba ne yake yin sa, yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A 1906 wani masani a Ingila, Henry Dale, ya gano cewa ruwan ƙullutun yana sa mahaifar kyanwa ta matse. A 1953 kuma Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa irinsa a ɗakin bincike, har aka ba shi kyautar Nobel a 1955. Aikinsa biyu ne: ya matse mahaifa, ya kuma sa nonon da ke cikin hantsa ya sauko. Ba ya ƙara yawan nono, kada wani ya ruɗe ku. Ba a kuma ɗura wa dabba shi ta baki, don ciki narkar da shi yake yi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Allurar tana matse mahaifa ne kawai, ba ta buɗe hanya. Kun san in aka ɗaure bakin buhu aka hau kansa da danna, hatsin ba zai fita ta baki ba, buhun ne zai yage. Haka abin yake. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. In lokaci ya yi, bakin mahaifa ya buɗe, hanya babu cikas, sai dai ƙarfin yunƙuri ya ƙare, nan ne allurar ke da amfani. Amma in kwikwiyo ya gitta, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwar, aka tsira mata allura, mahaifa na iya fashewa, a rasa uwa a rasa ƴaƴa. In kuwa aka zarce ƙima, mahaifar sai ta ƙulle ta ƙi saki, jini ya daina isa ga ƴaƴan, su mutu a ciki. Shi ya sa likitan dabbobi yake fara duba hanya tukuna. Wani lokaci sinadarin kalsiyam zai fara ba ta, wani lokaci kuwa babu makawa sai tiyata.

Har wa yau, in mutum ya zo ya ce karensa mace ta haɗu da karen bola, yana son a ɓarar da cikin, ku ce masa wannan ba aikinta ba ne. Akwai wata allura dabam, Alizin, ta kamfanin Virbac na Faransa, ana yin ta sau biyu, awa 24 tsakani, kafin cikin ya wuce kwana 45, kuma aikin likita ce. Haka in karya ta gama barbara da ƴan makonni, ta ƙi abinci, tana ta shan ruwa, ko mugunya na fita daga gabanta, wannan ciwon mahaifa ne mai kisa. A garzaya da ita asibitin dabbobi.

Sai maganar ajiya, wadda ita ta fi shafarku. Zafi yana kashe ƙarfin allurar nan, alhali ruwan yana nan garau, ido ba ya ganewa. Yawancinta ana so a ajiye ta a firji, digiri 2 zuwa 8, ba tare da ta daskare ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan irin wadda ake yi wa mata a Nijeriya ya sami kusan uku cikin huɗu na samfurin da aka gwada ba su cika ƙarfinsu ba. Ina ga wadda ta wuni a kan tebur da bazara? Kuma ɓarnar biyu ce. Wanda ya saba da mai rauni yakan ninka awo, ranar da ya sami mai ƙarfi ya ninka, sai dabba ta halaka.

Saboda haka in za ku yi sari, ku saya wurin mai firji, ku ɗauko a cikin kula da ƙanƙara. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da abin da aka rubuta game da ajiya, ku kuma karɓi rasit. Wadda aka karyar da kuɗinta ƙwarai, ku tambayi inda ta kwana, araha ba ta ado. Wanda ba shi da wurin sanyi, gara ya bar hajar nan ga mai shi. Kada a sayar sai da umarnin likitan dabbobi, kuma ta dabba kada ta kusanci mace mai ciki ko kaɗan.