Kafin Ku Sayi Sabon Batir Na Babur

Duk wanda ya taɓa dawowa daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da almuru ya san abin da hon da sigina suke nufi, ga motocin shanu a gaba, ga ƙura ta rufe hanya har Gumel. Mu kanmu mun sayi batir biyu cikin rani ɗaya kafin muka gane cewa batirin ba shi da laifi. Babur ɗin ne ya daina yi masa caji.

Yawancin baburanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, batirinsu na bolt 12 ne. Koyil da ke cikin inji shi ke haifar da wuta, sa'an nan rektifaya, wato ƙaramin akwatin nan mai tsaga-tsaga, ta daidaita wutar ta tura wa batir. Tun da kik yana ta da inji ko batir ya mutu, mutum yakan daɗe bai lura ba, sai ranar da hon ya shaƙe.

Ku fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ku buɗe murfin gefe ku duba fis, ku duba kawunan batir. Hanyoyin yashi na ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar suna girgiza babur har noti ya kwance, farin gari kuma ya taru a kan waya. A kankare, a ɗaure tam, har da wayar da ke haɗe da jikin babur. In batirin mai ruwa ne, zafin bazara yana shanye shi. A ƙara ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ruwan rijiya yana da gishiri, yana kashe shi, kada kuma a ƙara asid.

Daga nan sai a nemi mita, masu gyaran rediyo da na waya suna da ita. Inji a kashe, lafiyayyen batir yakan nuna wajen 12.6. A ta da inji a ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, rektifaya ta lalace, ita ce ke tafasa ruwan batir tana ƙona ƙwan fitila. In kuwa bai motsa ba, a cire soket ɗin wayoyin da suka fito daga inji, a juya mita zuwa AC a gwada su. Wuta tana ƙaruwa da totur, koyil lafiya yake, a koma kan rektifaya. Ba ta ƙaruwa, aikin bakanike ne, domin sai an buɗe inji.

Namu, ashe wata waya ce ta goge a ƙarƙashin tanki, wurin da aka jona mana abin cajin waya ba tare da fis ba. Salatif kaɗai muka saya.