Hasken Da Ke Ba Da Shaida A Kan Kabon



Masana sun tabbatar da cewa gawayin murhu, da bakin fensirin ɗan makaranta, da daimon ɗin da sarakuna ke alfahari da shi, duk zatinsu ɗaya ne, wato sinadarin kabon, kuma babu abin da ya raba su face yadda zarrorinsa suka jeru. To, wannan jeri da ido ba ya riskarsa, wa zai ba da shaida a kansa?

A ranar 28 ga Fabrairun 1928, a birnin Kalkata na Indiya, malamin kimiyya C. V. Raman, tare da almajirinsa K. S. Krishnan, ya gano cewa idan aka haska abu da haske mai launi guda, galibinsa yakan watsu yadda ya zo, amma wani ɗan ƙalilan yakan dawo da launinsa ya sauya, saboda ya yi musayar ƙarfi da girgizar zarrorin abin. Bisa wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1930.

Fa'idar binciken ta ƙara bayyana bayan 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta suka yi ta ɓare irin kabon da ke bakin fensir da salatif, i, salatif, har suka samu garafin, shimfiɗar kabon mai kaurin zarra ɗaya tak. Yau mai bincike yakan ɗora wannan shimfiɗa ƙarƙashin hasken leza, na'ura ta zana masa alamomi: ta G kusa da lamba 1580, da ta 2D kusa da 2700, wadda siffarta ke nuna ko shimfiɗar ɗaya ce ko an riɓanya ta. A ganina, wadda ta fi daraja ita ce ta D, wajen 1350, domin ba ta bayyana sai inda jerin ya samu aibi ko ya yanke, tamkar adalin shaidar da ba ya rufa wa kowa asiri gaban alƙali, alhali ba a fasa samfurin ba, ba a narkar da shi ba.

Amma siraran bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, su suna da wata girgiza da masana ke kira numfashi, domin bututun yakan kumbura ya tsuke. Gwargwadon sirantarsa, gwargwadon saurin numfashin, kuma da wannan lissafi ake sanin faɗinsa.