Ɗaga mota ba ya ƙarewa a wajen mai walda

Titin kwalta da ya haɗa Nguru da Gashuwa ya zarce Bayamari kamar iyaka yake tsakanin ƙasa iri biyu. Kudu da shi fadamun Haɗeja da Nguru ne, inda laka ke riƙe mota da damina. Arewa kuwa, ƙauyukan Machina da Yusufari har tuddan Tulo-Tulo, yashi ne tsantsa. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930 ake tara amfanin wannan yanki a nan, kuma yau gero da riɗi da ƙaro da dabbobi a bayan Land Cruiser da Hilux suke fitowa daga daji. Don haka ba abin mamaki ba ne mai mota ya kai ta gareji a ƙara mata fallen sifirin biyu ko uku, a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi. Wannan gyara yana da hujja. Inda matsala take shi ne, duk wanda ya taɓa tsayin mota ya taɓa sitiyarinta, ko ya sani ko bai sani ba, kuma sau da yawa ana karɓar mukulli ba a koma kan wannan rabin aikin ba.

Ƙafar gaba ba a miƙe cak take juyawa ba. Masu ƙera mota suna kwantar da madogarar da taya ke juyawa a kanta zuwa baya da 'yan digiri kaɗan, kamar yadda ƙahon keke yake a kishingiɗe. Wannan kwanciya, da ake kira kasta, ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana, ita ke sa mota ta riƙe hanya in ana gudu. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, aksul ɗaya ne dunƙulalle a gabanta. Tsofaffin a kan fallen sifirin yake zaune, daga 1999 kuma aka koma sifirin mai naɗi da hannuwan ƙarfe da ke riƙe aksul. In aka ɗaga mai hannuwan, aksul yana mirginawa gaba, kasta ta ragu; a mai falle kuwa, tsawaita marataya shi ke mirgina shi. Daga nan mota ta fara yawo a kan titi, direba yana ta kamo ta dama da hagu. Sandar da ta taso daga akwatin sitiyari zuwa ƙafa ita ma tana ƙara karkata, ta yadda duk ramin da taya ta faɗa sai ta fizgi sitiyari. Hilux ta zamani, wadda kowace ƙafar gaba take da nata hannuwa, cutarta daban ce: ɗagawa na sa taya ta daina zama daidai a ƙasa, gefe ɗaya ya cinye, bol-join da shaf su riƙa aiki a lanƙwashe har su mutu kafin lokacinsu.

Direba zai ce in ba a ɗaga ba cikin mota zai zauna a yashi. Da gaskiyarsa, amma rabi. Sifirin yana ɗaga shasi da bodi ne kawai. Kumburin tsakiyar aksul, wanda shi ke fara sharar ƙasa a cikin sawun manyan motoci, yana nan inda yake, tsayin taya kaɗai ke ɗaga shi. A yashi mai laushi kuma rage iskar taya don ta baje ya fi kowane ƙarin tsayi amfani, muddin za a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Abin da tsayi ke ci kuwa lissafi ne mai sauƙi. Injiniyoyi suna raba faɗin tsakanin tayoyi da ninkin tsayin cibiyar nauyi don gane saurin kifewar mota. A ɗauka faɗin mita 1.5 ne, cibiyar nauyi tana santimita 70 daga ƙasa: sakamakon 1.07 ne. In ɗagawa da lodin buhuna da mutane a sama suka kai ta santimita 90, ya faɗo 0.83. Motar nan ce kuma za ta sha kwana a gefen tudun yashi, ko ta kauce wa saniya a kan titi. Ƙarin falle yana hana baya durƙusawa, amma bai ƙara wa birki ko aksul ko taya ƙarfi ko kaɗan ba. Ɓoye nauyin kawai yake yi daga ido.

Hujjar da ta fi nauyi ta masu barin awon sitiyari ita ce ta kuɗi da nisa: na'urar alaimen mai kwamfuta ba a kowane gari take ba, mai mota kuwa ba zai yi asarar ranar kasuwa ba. Sai dai wannan awo bai dogara da kwamfuta ba. A daidaitaccen daɓe, da nauyin da motar ta saba ɗauka a kanta, zare da tef sun isa a auna tazarar gaban tayoyi da bayansu, wadda bambancinta bai kamata ya wuce 'yan milimita ba. Wayar hannu ma tana auna kusurwa yanzu. Ana maido da kasta da siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin sifirin da aksul, ko da bushin da aka yi don haka. Dole kuma a sa shokozoba da tiyon birki masu tsayin da ya dace da sabon hawan, domin gajeren tiyo yana iya tsinkewa in ƙafa ta sauka rami. Abin da bai kamata a yarda da shi ba sam shi ne yanke sandar sitiyari a ƙara mata tsayi da walda, ko gasa ta da wuta a lanƙwasa.

Makanikan Nguru da Gashuwa suna da hannu da ido. Awon ne ba a saba biyan kuɗinsa ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke kula da tasha tana iya sa sharaɗi kada motar da aka ɗaga ta yi lodin mutane sai an gwada ta a kwalta an ga sitiyari yana dawowa da kansa, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota suna neman tabon walda a jikin sandar sitiyari.